Ciwon suga da tarin tibi: amsoshin likita

Tambaya: Likita, mahaifina ya daɗe da ciwon suga. Tun shigowar hunturu yake tari, ya rame, da dare kuma gumi ya jiƙa masa riga sharkaf duk da sanyin Jos. Maganin kemis ya ƙi yi. Ko sugan ne? (Daga Anguwar Rogo)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Suga na sa rama, amma tari da gumin dare ba aikinsa ba ne. Duk tarin da ya kai mako biyu sai an gwada kaki, balle ga mai suga, wanda haɗarin kamuwarsa da tibi ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku, saboda suga idan ya yi yawa a jini yana kashe wa garkuwar jiki ƙarfi. Ku kai shi JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko cibiyar kula da masu tibi (DOTS) mafi kusa, a yi masa gwajin kaki na gano tibi da ake kira GeneXpert. Maganin tibi kyauta ne a waɗannan cibiyoyi. Ku bar sayen sirof haka nan, asarar kuɗi ce kawai.

Tambaya: Na fara shan maganin tibi, sai fitsarina ya koma ja, suga kuma ya haura alhali ban fasa shan glibenclamide ba. In dakata? (Wata uwargida daga Bukuru)

Amsa: Hajiya, kada ki kuskura ki dakata. Jan fitsarin aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan tibi, har gumi da hawaye yana rinawa, ba jini ba ne. Shi ɗin ne kuma yake sa hanta ta yi saurin narkar da glibenclamide, sai ƙwayar ta bar jiki ba ta gama aikinta ba. Ga cutar tibi kanta tana ɗaga suga. Ki koma wurin likitanki da takardar awonki, zai iya sauya miki zuwa metformin ko ya ɗora ki kan allurar insulin na ɗan lokaci. Na san mutanenmu da jin an ce allura sai gaba ya faɗi, a ɗauka ciwo ya zo ƙarshe. Sam ba haka ba ne.

Maganin tibi na wata 6 ne: wata 2 na farko magani huɗu, sauran wata 4 magani biyu. Tarin zai lafa tun kafin a yi nisa, kuma nan ne da yawa suke ajiye ƙwayar, cutar ta dawo ba ta jin magani. Idan kin ji tafin ƙafa na zafi ko kamar ana tsira miki allura, ki faɗa. Isoniazid, wanda shi ma yana cikin magungunan tibi, da suga duka suna taɓa jijiyoyi, shi ya sa ake haɗawa da bitamin B6. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi, ranar nan za ki je asibiti.

Tambaya: Mu ware wa mai tibi kwano da cokali? (Daga Gangare)

Amsa: A'a, Malam. Ta iska ake ɗauka, ba ta kwano ba. Ku riƙa buɗe taga ko da ana sanyi, shi kuma ya rufe baki idan zai yi tari. Duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi a kai shi a duba, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu suga, domin akwai maganin kariya da ake ba su.