Tambaya da Amsa: Maigidana ya ajiye maganin tarin fuka, wai ya warke

Assalamu alaikum Anti. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar ya biyo ta Burkina zuwa Kumasi. An gwada shi a asibiti aka ce tarin fuka ne, ya sha magani wata biyu tarin ya tsaya har ya fara ƙiba, sai ya ajiye maganin wai ya warke, kuma fitsarinsa da ya koma ja ya ba shi tsoro. Yanzu zai koma hanya, ni kuma abin da ke hana ni barci bama-baman da ake cewa ana binnewa a hanyoyin can. Ɗakinmu ɗaya da yara uku. Kuma ɗana ya nuna min bidiyo wai gafiya na gano cutar, gaskiya ne?
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na fahimci tsoronki na hanya, kuma ba tsoron banza ba ne, amma wallahi abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne maganin nan da ke ajiye a ɗaki ba a sha.

Maganin tarin fuka wata shida ake shansa, wata biyu na farko magani kala huɗu, sauran wata huɗun kala biyu. Yawanci mutum kafin ya cika wata biyun nan tari ya lafa, zufar dare ta tafi, ya dawo yana cin tuwo har da ƙari, to a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin ƙwayoyin cutar ba su ƙare ba, sun dai kwanta ne a huhu, kuma waɗanda suka rage ɗin su ne masu taurin kai, in suka farfaɗo sai su iya zama irin wanda maganin farko ba ya ci, a koma wani magani mai wahala. Jan fitsarin kuma ba jini ba ne, ɗaya daga cikin magungunan ne mai suna rifampicin yake rina shi, har zufa da hawaye, da ya gama sha zai washe.

Don Allah kar ya ɗauko ragowar ya ci gaba da sha da kansa. Ki lallaɓa shi, in ke ba zai ji taki ba ki sa yayansa ko limamin unguwa, ku koma inda aka fara ba shi maganin, ya faɗa musu gaskiyar ranar da ya daina. Za su sake gwada majinarsa, akwai na'urar GeneXpert da ke nuna ko cutar ta fara bijire wa magani. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati a Ghana. Ya kuma gaya wa nas ɗin cewa shi direba ne, su tsara yadda zai riƙa tafiya da maganinsa.

Sai yaran. Na san ɗakunanmu na gidan haya a zango, taga ɗaya, ita ma an toshe ta da kwali saboda sauro, kowa na shaƙar numfashin kowa har asuba. Ta iska cutar ke yaɗuwa, ba ta kwano ko kofi ba, don haka ba sai kin ware masa kwanon abinci ba, wannan wulaƙancin ne ma ke sa maza ɓoye ciwon. Ki sa raga a tagar ki buɗe ta, ki kai yaran duka a duba su, ke ma a duba ki, musamman in akwai ɗan ƙasa da shekara biyar, akwai maganin kariya da ake ba su.

Maganar hanya, eh ana dasa bama-bamai a wasu hanyoyin Burkina da Mali, haka a Borno. Nakiya kuma ba ta san an daina yaƙi ba, Mozambik ta gama yaƙinta a 1992 amma sai 2015 aka ce an kammala share wuraren da aka san akwai nakiyoyi, duk tsawon shekarun nan manoma na kallon gonakinsu ba halin shiga. Ya riƙa bin ayarin motoci, kar ya sauka daga kwalta ya bi ratse, kar ya taɓa wani ƙarfe ko jarka da ya gani a yashe.

Bidiyon ɗanki gaskiya ne. Wata ƙungiya ce APOPO, a Morogoro ta Tanzaniya, suke horar da gafiya ta shinshino nakiya a ƙasa, ba ta da nauyin da zai tayar da ita, wasu kuma su shinshina majinar da aka kawo daga asibitoci su nuna mai cutar, sannan a tabbatar a ɗakin gwaji. Amma ku a Kumasi asibiti za ku je, kuma ya je kafin ya tada motar nan.