Shafin shagon kawu ya yi kyau a kwamfuta, a waya kuma ya watse

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi, ina koyon HTML da CSS, harsunan gina shafin intanet. Na haɗa wa kawuna shafin intanet na shagonsa na atamfa da shadda da ke babbar kasuwa. A kwamfutata komai tsaf, amma da kawu ya buɗe a wayarsa sai rubutu ya ƙanƙance, sai an ja da yatsu kafin a karanta. Hotuna ba sa fitowa da wuri, wasu haruffa kuma sun koma akwati-akwati. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka gina shafin ne don allon da ke gabanka, alhali masu sayen atamfar kawu da waya za su shiga, wasu ma da ƴar megar da ta rage musu.

Ƙanƙancewar rubutu ba ta da wuyar gyara. Idan ba ka gaya wa waya faɗin da za ta bi ba, sai ta ɗauka shafin kwamfuta ne mai faɗin kusan fiksel 980, ta matse shi cikin allonta. Saka wannan layi a cikin head, wato sashen farko na fayil ɗin HTML:

meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1"

Sannan ka daina ba akwatunanka tsayayyen faɗi. Ba hotuna max-width: 100%, ka fara tsara shafin a jeri ɗaya don waya, daga baya ka faɗaɗa shi don kwamfuta da media query, wato umarnin CSS mai sauya tsari bisa faɗin allo. Wannan salo na shafi mai bin girman allo, wani mai tsara shafukan intanet, Ethan Marcotte, ne ya raɗa masa suna responsive web design a 2010, yau kuma shi ne abin da kowa ke bi.

Hotuna ne babbar matsalarka, kuma a nan nake ganin masu koyo sun fi sakaci. Hoton da ka ɗauka da waya yakan kai mega 3 zuwa 5. Ka jera turmi ashirin a shafi ɗaya, ka ga mega 60 ko fiye kafin mutum ya ga farashi. Hajiyar da ke Tibiri ko Madarunfa, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ba za ta jira ba. Rufewa za ta yi ta koma WhatsApp. Rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 800, ka mai da shi WebP, wato nau'in fayil ɗin hoto mara nauyi, yawanci zai sauko ƙasa da kilobait 200 kuma zanen shaddar zai fito sarai. Ƙara loading="lazy" a hotunan ƙasa, don kada su sauko sai an gangaro wurinsu. Hotuna masu juyawa da kansu a saman shafi kuwa, ni dai cire su nake yi, cin mega kawai suke.

Haruffan da suka koma akwati-akwati kuwa, haruffanmu ne masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Salon rubutun da ka zaɓa ba shi da su. Canza zuwa Noto Sans, ka tabbatar akwai meta charset="utf-8", ka kuma sa lang="ha" a kan html.

Kafin ka sake nuna wa kawu, buɗe shafin a Chrome, danna F12, ka zaɓi siffar waya, ka rage gudun intanet zuwa 3G. Bayan haka ari tsohuwar wayar yaron shago ka gwada da babban yatsa, ka ga ko maɓallin kiran kawu yana dannuwa ba tare da ka taɓa na kusa da shi ba.