Farantin Cuku Na Mutum Takwas

Tambaya: Anti, barka da aiki. Shekarata biyu a Manchester. Maƙwabtana Turawa sun gayyace ni hira ƙarshen Disamba, kowa zai zo da wani abu, ni kuma bakina ya zarce na ce zan kawo farantin cuku. Mu takwas ne. Na shiga kanti na ga kala-kala, kaina ya ɗaure. Me zan saya, kuma yaya batun halal?

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, kala uku sun ishe ki. Masu jera bakwai ko takwas yawanci ɓarnar kuɗi suke yi, rabi ya bushe a firji. Ki ɗauki mai tauri ɗaya, mai laushi ɗaya, da mai shuɗin jijiya ɗaya. Tunda akwai sauran abinci, giram 600 gaba ɗaya ya wadatar.

Mai tauri, ki nemi Cheddar da ya shekara ko fiye, wanda ke marmashewa a bakin wuƙa. A nan za ki kashe kuɗinki, don shi kowa zai fi ci. Mai laushi, Brie. Mai shuɗi kuwa Stilton, wanda Turawan Ingila ba sa raba shi da Kirsimeti. A gundumomi uku kawai ake yin sa, Derbyshire da Leicestershire da Nottinghamshire. Ƙarami za ki saya. Warinsa sai wanda ya saba, ni kaina sai da na shekara kafin muka shirya.

Batun halal, abin dubawa shi ne abin da aka daskarar da madarar da shi. A gargajiyance daga tumbin ɗan maraƙi ake ciro shi, kuma malamai sun saɓa a kan hukuncinsa idan ba yankan Musulunci ba ne. Mafita mai sauƙi: juya fakitin, in an rubuta ya dace da marasa cin nama, shike nan. Yawancin Cheddar na kantunan Ingila haka yake. Cukun Parmigiano na Italiya da Comté na Faransa kuwa dokarsu ta wajabta na maraƙin. Ki kuma kula da wanda aka jiƙa da giya, don a Disamba Stilton mai giyar Port kan cika kanti.

Inda Turawa kan shimfiɗa yankakken naman alade a farantin, ke sa kilishi in kina da shi. Dabino, gyaɗa soyayya, zuma a ɗan kofi, tuffa, da biskit marar zaƙi. Ki ɗora ɗan Stilton a kan dabino ki ji. Gishirin da zaƙin sai ka ce tare aka halicce su. Ki fitar da cukun daga firji awa guda kafin a ci, kowanne da wuƙarsa. In akwai mai juna biyu, ta bar Brie da mai shuɗin.

Tambaya: Anti, ina Lyon a Faransa. Me ake kira Mont d'Or da nake gani cikin akwatin katako?

Amsa: Cukun lokacin sanyi ne daga tsaunukan Jura, ana sayar da shi daga Satumba zuwa Mayu kawai. A akwatin nasa ake gasa shi kamar minti 25 har ya narke, a ci da cokali da dafaffen dankali. Faransawa kan zuba masa farar giya. Kai ka soka tafarnuwa kawai. Shi ma da na tumbin maraƙi ake daskarar da madararsa, sai ka tambayi malaminka.