Bayan Tiyatar Gyaran Hanci: Yaushe Zan Koma Sujada?

Tambaya: Likita, kwana 10 ke nan da aka yi mini tiyatar gyaran hanci a Jidda, amma har yanzu akwai kumburi, kuma ina so in tafi Makka Umara. Me ya kamata in yi? Daga wata Hajiya, Jidda.

Amsa: Hajiya, kumburin ba abin tsoro ba ne, domin baƙin da ke ƙarƙashin idanu yakan washe cikin mako 2, amma kumburin ƙarshen hanci yana iya ɗaukar shekara guda kafin ainihin siffarsa ta bayyana. Ki riƙa kwanciya da kai a ɗage, kada ki fyace majina da ƙarfi, kuma kada ki ɗora tabarau a karan hanci har mako 4 zuwa 6.

Game da Umara, ina ganin ki dakata, domin a cunkoson ɗawafi gwiwar hannun wani tana iya gocar da ƙashin da bai haɗe ba. Ki yi sujada da ishara, ki kuma bar shaƙa ruwa a alwala sai likitanki ya amince. Idan jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya taso, ki koma asibiti nan take.