Gajiya da tumbi bayan shekara 40: daga ina za a fara?

Malam, ka ce ka haura 40, tumbi ya fito, kullum a gajiye kake, kana neman maganin ƙarfin jiki. Ajiye kuɗinka tukuna.

Fara da auna jini da sukari. Hawan jini ba ya sallama: mutum na yawo garau alhali awonsa ya wuce 140/90. Nan maza da yawa ke sakaci, sai an kwantar da su.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma ba waƙa ba. Kada ka zabga gudu rana guda, gwiwa ta riƙe, ka watsar. Barci awa 7 aƙalla, waya nesa da matashin kai. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali a yini. Taba kam, a rabu da ita.

In akwai ciwon ƙirji, yankewar numfashi, yawan fitsarin dare ko raunin gaba, je wurin likita, ba mai talla ba. Raunin gaba kan zama alamar matsalar jijiyoyin jini.