Wace kariya ɗan jarida ke da ita a Mora da Kolofata?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko haƙƙin gwamnati ne ta kare ka idan ka je ɗauko rahoto a Mora ko Kolofata, garuruwan da ke yankin Arewa Mai Nisa na ƙasar Kamaru. Haƙƙinta ne. Dokar yaƙi ta ɗauki ɗan jarida a matsayin farar hula muddin bai sa hannu a faɗa ba, kuma sashe na 79 na ƙarin Yarjejeniyar Jeneba ta 1977 ya faɗi haka ƙarara. Don haka kada ka sa kaki, kada ka riƙe makami. In ka hau motar soja, harin da aka kai mata kai ma ya shafe ka.

Inda gizo ke saƙa shi ne dokar yaƙi da ta'addanci ta Kamaru ta 2014. Da ita aka gurfanar da Ahmed Abba, wakilin RFI Hausa, gaban kotun soja bayan kama shi a Marwa a 2015. Sai Disamban 2017 ya fito.

Ka riƙe katin aikinka da takardar izini daga hukumar yankin. Editanka ya san hanyarka da sa'ar dawowarka. Lambobin majiyoyinka kada su kwana a wayar da za a bincika a shinge. Ka samu lauya tun kafin tafiya, kuma in an tsare ka, iyalinka su gaggauta sanar da ICRC, wato ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, da CPJ, wato kwamitin kare 'yan jarida.