Amsa: Alaƙar liniya aljabara da kalkulas

Ɗan'uwa, ka tambaya ko liniya aljabara (lissafin miƙaƙƙun layuka da jadawalin lambobi) na da wata alaƙa da kalkulas (lissafin yadda abubuwa ke canzawa), tunda a jami'a kowanne da kwas ɗinsa. Ai kamar jini da tsoka suke, sai dai a shekarar farko ba a cika nuna wa ɗalibai hakan ba.

Ɗauki x² a kusa da 3. In ka ƙara wa 3 ɗan mitsitsin adadi h, za ka samu 9 + 6h + h². Yar da h² tunda ya yi ƙanƙanta ƙwarai, saura 9 + 6h. Miƙaƙƙen layi ke nan, kuma 6 ɗin nan shi ne diribetib, wato saurin canjin x² a daidai wurin. Gwada 3.01: layin ya ba ka 9.06, ainihin amsar kuwa 9.0601. Aikin diribetib ke nan, maye gurbin lanƙwasa da miƙaƙƙen layi a ɗan taƙi.

Da zarar abubuwan da ke canzawa sun haura ɗaya, lamba guda ba ta isa, sai matiriks (jadawalin lambobi) mai ɗauke da duk diribetib ɗin, wato Jakobiyan. Dokar sarƙa ma, wadda ake nemo diribetib da ita idan wani lissafi na cikin wani, sai ta koma ninka matiriks da matiriks kawai. Wannan r da ke bayyana a r dr dθ idan ana auna fili ta hanyar nisa r da kusurwa θ, wanda da yawa ke haddacewa ba su san mafarinsa ba, ditaminan ɗin Jakobiyan ne, wato lambar da ke nuna yadda matiriks ke faɗaɗa ko tsuke fili.

Ni dai a ganina, kada ka shiga kalkulas mai canji da yawa sai ka ƙware a matiriks.